Tsari ne ko arashi? Yadda ake gwada dacewar lambobi a nazariyyoyin tushen fiziks

Tsayayyen Tsari, wato nazariyyar da ke bayanin ƙwayoyin asali da ƙarfafan da ke aiki tsakaninsu, na ɗauke da lambobi 19 waɗanda ba lissafi ne ya haifar da su ba. Auna su aka yi a ɗakin gwaji aka zuba a ciki. Idan aka haɗa da nauyin niyutirino, ƙwayoyi marasa caji masu ƙanƙanin nauyi, da kusurwoyin gaurayarsu, sai su kai 26. Me ya sa miyuwon, ƙwaya mai kama da elektiron, ya fi shi nauyi sau 206.77? Me ya sa zuriyoyin kwak, ƙwayoyin da suka gina furoton, uku ne? Nazariyyar ba ta amsa ba. Wannan giɓin ne ke jan mutane, manyan masana da masu sha'awa baki ɗaya, su nemi ɓoyayyen tsari a bayan lambobin. Neman ba laifi ba ne, don ta wannan hanyar aka kai ga kwak. Wahalar ita ce rarrabe tsari da arashi, kuma akwai matakan da ake bi.

Kafin ka fara, tanadi abu uku. Na farko, sababbin alƙaluman awo tare da tazarar kuskurensu, daga jadawalin Particle Data Group ga ƙwayoyi, da na CODATA ga tsayayyun lambobi. Na biyu, kwamfuta ko na'urar lissafi mai riƙe gurbi 12 ko fiye. Na uku, littafin da za ka rubuta kowace fomula da ka gwada, har da waɗanda suka faɗi. Mutane sun fi sakaci da na ukun, alhali in babu shi mataki na huɗu ba zai yiwu ba.

1. Cire ma'auni

Gudun haske mita 299,792,458 ne a daƙiƙa, kuma layin latitud na digiri 29.9792 a arewa ya ratsa babban dalar Giza a Masar. Wannan dacewa ta yi yawo ƙwarai, amma ba ta da tushe. Mita a Faransa aka ƙirƙiro ta a shekarun 1790, daƙiƙa kuwa daga yanka yini 24 sau 60 sau 60 ta fito. Mai da gudun zuwa mil, ka samu 186,282 a daƙiƙa, dacewar ta ɓace. To, gwajin ke nan: sauya ma'auni, in dacewar ta mutu, a jefar da ita.

Haka abin yake ga nauyin ƙwayoyi. Nau'o'i biyu na ƙwayar payon na da nauyin MeV 134.98 da 139.57, matsakaicinsu ya yi kusa da 137, lambar da za mu sake gani a alfa, amma MeV, ma'aunin makamashi da nauyin ƙwayoyi, ya rataya ne a kan bolt, wanda mutane suka yanka. Lambobin da suka cancanci bincike su ne marasa ma'auni: rabon nauyin furoton da na elektiron, 1836.15267, ko alfa, lambar da ke nuna ƙarfin hulɗar lantarki da maganaɗisu, wadda take kusan 1/137.035999. A kula, digiri ma ma'auni ne, don haka a rubuta kusurwa da radiyan ko da sin². Maimaituwar alƙaluma kamar 777 ita ma ba hujja ba ce, ƙidayar goma-goma ce ta kawo ta.

2. Auna tazarar da sandar kuskuren gwaji

Kada a ce fomula ta dace «har kashi 99.99 cikin ɗari». Wannan magana ba ta nuna komai. A ɗebe abin da aka auna daga abin da fomula ta bayar, a raba da tazarar kuskuren awon. In sakamakon bai wuce 2 ba, fomular na nan da rai. In ya haura 5, ta mutu, sai fa idan akwai sanannen gyara da bai shiga lissafi ba.

Arthur Eddington ya kafa hujja a 1929 cewa 1/alfa daidai yake da 136, da awo ya matsa sai ya koma 137. Duka biyun sun faɗi, tunda lambar ba cikakkiya ba ce. A 1969 Armand Wyler ya fito da fomula daga girman wasu siffofin lissafi, ta ba da 137.03608, kuma a lokacin ta yi daidai da awo. Yau an san 1/alfa da kuskuren da bai wuce 0.00000003 ba, saboda haka ratar Wyler ta 0.00008 ta ninka tazarar kuskure sau dubbai. Friedrich Lenz kuma a 1951 ya lura cewa 6π⁵ na ba da 1836.118, kusa da rabon furoton da elektiron. Ratar ita ce 0.035, kusan kashi 2 cikin 100,000. A ido ƙarama ce, a ma'aunin gwajin yau kuwa babba ce ƙwarai.

Mai fomula zai iya cewa ɗan gyara na nan tafe. Wannan uzuri karɓaɓɓe ne da sharaɗi ɗaya: ya faɗi girman gyaran da ɓangaren da zai karkata. Gyare-gyaren lantarki kan zo da girman alfa a raba da π, wato wajen 0.0023. Julian Schwinger ya lissafa irin wannan a 1948 ga maganaɗisun elektiron, ya samu alfa/2π, wato 0.00116, gwaji kuma ya tabbatar. Gyaran da ba a iya lissafawa, wata sabuwar lamba ce kawai aka ɓoye.

3. Tambayi a wane makamashi

Nan ne fomuloli masu yawa ke karyewa, kuma masu su ba sa ankara. Lambobin da ake kira tsayayyu suna sauyawa da makamashin da aka auna su. Alfa 1/137.036 ce a ƙaramin makamashi, amma a nauyin ƙwayar Z mai ɗaukar ƙarfi mai rauni, GeV 91.19 (GeV ɗaya MeV dubu ne), ta koma kusan 1/128. Dalili shi ne, ƙwayoyin da ke bayyana su ɓace a sarari suna lulluɓe cajin elektiron, kuma gwaji mai ƙarfi na kutsawa cikin lulluɓin ya ga caji mafi girma. Lambar ƙarfi mai ƙarfi, wanda ke ɗaure kwak, 0.118 ce a nauyin Z, amma ta haura 0.3 a nauyin tawu, ɗan'uwan elektiron mafi nauyi. Kwak ya fi rikitarwa, domin ba a taɓa kama shi shi kaɗai ba: nauyin kwak b GeV 4.18 ne a wata ma'ana, wajen 4.8 a wata, ƙasa da 3 kuma idan aka ɗauke shi zuwa makamashin Z.

Saboda haka, in ka ga fomula ta haɗa nauyin kwak da alfa da kusurwar gauraya, duba ko duk a makamashi ɗaya da ma'ana ɗaya aka ɗauko su. In an tsinto kowanne daga inda ya fi dacewa, zaɓin ne ya samar da dacewar.

Misalin yadda ake yi daidai shi ne nazariyyar SU(5) ta Howard Georgi da Sheldon Glashow ta 1974, wadda ke haɗe ƙarfafan Tsayayyen Tsari su zama ɗaya. Tana ba da sin² na kusurwar gauraya mai rauni a matsayin 3/8, wato 0.375, alhali awo ya nuna 0.231. Da ganin farko sai a ce ta yi nisa. Amma 3/8 ɗin na makamashin haɗewa ne, wajen GeV 10¹⁵, kuma idan aka gangaro da shi ta lissafi zuwa makamashin Z yakan sauko kusan 0.21. Kusancin nan ya sa aka ɗauke ta da muhimmanci, ragowar ratar kuma na cikin abin da ya kayar da sigarta mafi sauƙi.

4. Ƙirga yawan fomulolin da ka iya gwadawa

A ganinmu wannan shi ne zuciyar aikin. Wanda ya harba kibiya a bango sannan ya zo ya zana da'ira kewaye da ita ba maharbi ba ne, kuma mafi yawan dacewar lambobi haka suke, ko da mai su bai yi niyya ba.

Ga yadda ake ƙirgawa. Ɗauki dangin fomuloli masu siffar 2ᵃ × 3ᵇ × 5ᶜ × πᵈ, inda a, b, c da d ke tafiya daga −5 zuwa +5. Kowanne na da zaɓi 11, don haka dangin na da 11⁴, wato fomula 14,641. Sa kwamfuta ta lissafa su duka, ta ɗauki logaridim na kowace, ta jera su. Za ka tarar cewa a kewayen 1836 suna da cunkoson da ya kai kusan fomula ɗaya a kowane kashi 0.2 cikin ɗari. Ma'ana, duk lambar da ka kawo mai wannan girma, za a samu fomular da ta dace da ita har gurbi uku ba tare da wani sirri ba. Damar samun dacewa mai kyau irin ta Lenz a wannan dangi kusan 2 cikin 100 ce. Yanzu ka yarda da rabi-rabi a a, b, c da d, wato ka shigo da tushen murabba'i. Dangin ya zama 21⁴, fomula 194,481, damar kuma ta tashi zuwa kusan ɗaya cikin biyar. Ƙara lambar e, ko rabon zinariya 1.618, ko tarawa da ɗebewa, sai dacewa ta zama tilas. Sannan ka tuna ba lamba ɗaya ake farauta ba, akwai 26 da rabe-raben da ke tsakaninsu.

Adalci shi ne a ce 6π⁵ ta fi yawancin 'yan danginta sauƙi, don haka ta fi su ban mamaki. Shi ya sa ake jera fomuloli bisa tsawonsu, a tambaya: cikin waɗanda ba su fi wannan tsawo ba, nawa ne? Ƙa'idar da ke aiki da sauri ita ce a ƙirga alƙaluman da aka zuba a fomula, a ƙirga waɗanda ta fitar daidai. In ka zuba zaɓi na gurbi biyar ka samu dacewar gurbi biyar, ba ka ci ribar komai ba.

Akwai gwaji na biyu mai arha da muke ba kowa shawarar yi. Ƙirƙiri lambobin bogi 1,000 masu girma irin na lambar gaskiya, ka sakar musu injin bincikenka. In kashi 20 cikin ɗari na bogin sun samu fomula mai kyau kamar taka, to taka ba ta fita daban ba.

Don a ga yadda dacewa ta gaske take, dubi abin da John McKay ya lura da shi a 1978. Lambar 196,884 da ke cikin wani sanannen aikin lissafi mai suna j ta zarce 196,883 da ɗaya tak, ita kuwa 196,883 girman wakilci ne na wani rukunin daidaito a lissafi da ake kira Dodo. Da a nan abin ya tsaya, da ana iya cewa arashi ne. Sai lamba ta gaba, 21,493,760, ta zama 21,296,876 da 196,883 da 1, dukkansu na rukunin, haka kuma ta gaba da ta gaba. Babu abin da aka murɗa, kuma dacewar na maimaituwa. Richard Borcherds ya tabbatar da alaƙar a 1992.

5. In an ce daidaito ne, buɗe rukunin ka duba cikinsa

Daidaito a fiziks na nufin sauyin da za a yi wa abu dokokinsa su zauna yadda suke, kuma ana tattara irin waɗannan sauye-sauye a cikin rukuni. Tun 1918 Emmy Noether ta nuna cewa kowane daidaito mai gudana na tafe da wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Don haka iƙirarin daidaito ya fi iƙirarin lamba nauyi, kuma ya fi sauƙin kamawa in ƙarya ne.

Fara da girman rukuni. SU(n) na da girma n² − 1, kuma kowane ɗaya na nufin ƙwaya mai ɗaukar ƙarfi. A Tsayayyen Tsari, SU(3) na ba da gulon 8 masu ɗaukar ƙarfi mai ƙarfi, SU(2) na ba da 3, U(1) na ba da 1, jimilla 12. SU(5) na da 24. Ina sauran 12? Dole mai nazariyya ya faɗi inda suke da abin da suke yi. A SU(5) suna mai da kwak ya zama lefton, dangin elektiron, wato suna ruguza furoton.

Sai ka nemi a nuna maka gidan da kowace ƙwaya ta zauna, da cajinta. Cewa «rukunin na da gurbi 248, ƙwayoyi kuma sun kusa haka» ba hujja ba ce. A SU(5), ƙwayoyi 15 na zuriya ɗaya sun kasu gida mai 5 da gida mai 10. Gida mai 5 na ɗauke da kishiyar kwak d kala uku (kala wani nau'in caji ne na kwak), kowanne da caji +1/3, da elektiron mai −1, da niyutirino mai 0. Lissafin rukunin ya wajabta jimillar ta zama sifili, kuma ta zama. Daga nan ake ganin dalilin da cajin kwak ya zo a kashi uku: kalolinsa uku ne. A SO(10) kuwa zuriyar gaba ɗaya, da ƙarin niyutirino na dama, ta shige gida ɗaya mai 16. Irin wannan dacewa ce ta cancanci a tsaya a kanta.

Abu na gaba shi ne hagu da dama. Gwajin Chien-Shiung Wu da kobalt-60, wanda aka bayyana a 1957, ya nuna ƙarfi mai rauni na bambanta su, ƙwayoyi masu juyin hagu kaɗai yake kamawa. Rukunin da duk gidajensa ke daidai da hotonsu na madubi zai ba kowace ƙwaya tagwai mai juyin dama, waɗanda ba a gani ba. E8, mai girma 248 da saiwoyi 240, na da wannan matsala. Garrett Lisi ya gabatar da shawara a 2007 ta cusa dukkan ƙarfafa da ƙwayoyi a cikinsa, Jacques Distler da Skip Garibaldi kuma suka nuna da lissafi cewa cusawa irin wannan ba za ta ba da bambancin hagu da dama ba. Nazariyyar zare ma na amfani da E8, amma tana samo bambancin ne daga yadda ƙarin fuskokin sarari shida suka naɗe.

Sauran tambayoyi uku a taƙaice. Shin gurɓacewar kwantum, wadda ke rusa daidaito, ta soke kanta? Mafi sauƙin dubawa shi ne jimillar cajin zuriya: 3 × 2/3, da 3 × −1/3, da −1, da 0, sifili. Shin an gauraya daidaiton sarari da lokaci da na cikin ƙwaya? Ƙa'idar Coleman da Mandula ta 1967 ta hana hakan sai ta ƙofofi ƙalilan, don haka a faɗi ƙofar da aka bi. Kuma me ya karya daidaiton, a wane makamashi? Sau da yawa lambobin da aka ce an kawar suna dawowa ta hanyar karyawar, har su fi na da yawa.

6. Nemi hasashen da zai iya faɗuwa

A 1962 ana da ƙwayoyi tara da suka zauna a gida mai 10 na SU(3), a hawa uku: Delta a MeV 1232, Sigma mai tauraro a 1385, Ksi mai tauraro a wajen 1530. Tazarar kusan 150 ce kowane hawa. Murray Gell-Mann ya ce akwai ta goma mai caji −1 da nauyi kusa da 1680. A 1964 aka same ta a Brookhaven da ke Amurka, Omega, wadda nauyinta 1672 ne. Tun kafin nan, Johann Balmer a 1885 ya dace layukan hasken haidurojin huɗu, nanomita 656.3, 486.1, 434.0 da 410.2, da lamba ɗaya tak, 364.56, a ninka da n²/(n² − 4). Sauran layuka suka bi fomular, Niels Bohr kuma ya kawo dalilinta a 1913.

Cin hasashe ɗaya ko biyu bai rufe magana ba. Ƙa'idar Titius da Bode ta nisan duniyoyi daga rana ta dace da Yuranus a 1781 da Seres a 1801, sannan Neftun a 1846 ya zo a ninki 30.1 na nisan Duniyarmu daga rana, inda ta ce 38.8. Tsarin gaurayar niyutirino da Harrison, Perkins da Scott suka gabatar a 2002 ya yi kyau har aka gina masa nazariyyoyi a kan rukunin A4 mai sauyi 12, amma ya ce kusurwa ta uku sifili ce, gwajin Daya Bay a ƙasar Sin kuma ya auna ta a 2012, ta fito wajen digiri 8.5. SU(5) mafi sauƙi ta ba furoton rayuwar shekara 10³¹ ko ƙasa da haka, Super-Kamiokande a Japan kuwa ya nuna ta haura 10³⁴ a hanyar rugujewar da aka fi tsammani. Waɗannan sun faɗi ne domin sun faɗi abin da za a iya aunawa, kuma hakan daraja ce a gare su. Rubuta hasashenka da lamba da tazararsa kafin sabon awo ya fito.

A gwada matakan a kan fomular Koide

Yoshio Koide ya gabatar da ita a farkon shekarun 1980. A tara nauyin elektiron, miyuwon da tawu, a raba da murabba'in jimillar tushen murabba'insu. Da MeV 0.510999, 105.658375 da 1776.86, jimillar nauyi 1883.0294 ce. Tushensu 0.714842, 10.279026 da 42.152817 ne, jimilla 53.146685, murabba'inta 2824.5701. Rabon ya fito 0.666661, a gefen 2/3.

Ma'auni ya soke kansa, ta wuce mataki na farko. A na biyu, kowane MeV ɗaya a nauyin tawu na motsa rabon da 0.000056, don haka kuskuren awonsa na MeV 0.12 na ba da 0.000007, ratar kuma 0.000006 ce, tana ciki. A na huɗu, fomular gajeriya ce, kuma rabon ba zai iya fita daga tsakanin 1/3 da 1 ba ko wane nauyi aka sa, 2/3 kuwa shi ne tsakiyarsu daidai. A na shida tana da abin nunawa: lokacin da aka rubuta ta ana ɗaukar nauyin tawu wajen 1784, wanda ke ba da 0.6671, ita kuma ta nemi 1776.97. Awon da aka yi a Beijin a 1992 ya sauko da shi zuwa 1776.9.

Rauninta na mataki na uku da na biyar. Tana aiki da nauyin ƙwayoyin kamar yadda ake auna su a sake, alhali in daidaito mai zurfi ne ya haife ta, a babban makamashi ya kamata ta fi dacewa. Idan aka ɗauki nauyin uku zuwa makamashin Z, dacewar na lalacewa da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Yukinari Sumino ya ba da shawarar wani sabon ƙarfi da zai soke wannan gyara, amma ba a ga ƙwayoyinsa ba. Kuma fomular ba ta zauna daram a kan kwak ba. Abin da zai matsa maganar gaba shi ne nauyin tawu: gwajin Belle II a Japan ya ba da 1777.09 a 2023, da kuskuren da ya kai wajen 0.14, wanda ya bar 1776.97 a ciki. In aka rage kuskuren zuwa 0.02, za a gwada rabon har kusan kashi ɗaya cikin miliyan.